Awa biyu ba ta isa a ga Cicen Itza, balle a ga masu ita

Ni dai ra'ayina a kan yawon nan da ake kwasar mutane a bas daga otal-otal ɗin Kankun, birnin shaƙatawa na bakin teku a Meksiko, a kai su kufan mutanen Maya irin su Cicen Itza a dawo da su a yini guda ba ɓoyayye bane, yadda ake yinsa yanzu cuta ce. An cuci baƙon da ya biya kuɗinsa, an cuci wurin, kuma wanda aka fi cuta shi ne mai wurin, wato jikokin waɗanda suka ɗora duwatsun nan da hannunsu. Ba wai na ce kar a je bane fa, a je mana, duk wanda Allah ya hore wa ya taka Meksiko ko Gwatamala bai leƙa Cicen Itza ko Tikal ba gaskiya ya yi asara. Kuma ban ce a kori 'yan jagora ba, su ne ma nake so in kare. Tsarin ne nake faɗa da shi.

Bari mu fara da lissafin lokaci don shi baya ƙarya. Daga Kankun zuwa Cicen Itza wajen kilomita 200 ne, awa biyu da rabi zuwa uku a mota. Kamfani zai ce maka tafiyar awa 12 ce, kuma haka ɗin ne, tun da sassafe za a ɗauke ka, amma kafin bas ta gama zagaya otal-otal tana ɗiban fasinja rana ta ɗaga, sai a miƙi hanya, sai a tsaya a wani babban kanti da aka yi wa rufin ganye aka ce maka ƙauyen Maya ne, sai abincin ɗebi da kanka, sai wanka a irin rijiyoyin nan na cikin dutse da suke kira senote, sai a ɗan zaga da ku dandalin garin Valladolid na 'yan mintuna ku ɗau hoton coci. A cikin awa 12 ɗin nan abun da ya kawo ka, birnin kansa, in ka samu awa biyu ka gode Allah, kuma tsakar rana ce tsaka, lokacin da bas-bas duk suka sauke mutane tare, zafi na dukan ka ta sama dutse na mayar maka da shi ta ƙasa, kowa neman inuwa yake ba tarihi ba. Wanda ya taɓa shiga motar ziyara a Madina ya san irin abun, a ce a sauka a Uhudu minti ashirin, kafin ka gama nutsuwa direba ya fara hon, amma da an zo kantin dabino babu mai gaggawa. To haka ne sak, illa dai a can zuciyarka ta riga ta san tarihin tun daga gida, a nan kuwa yawancin mutane basu san komai ba sai abun da aka faɗa musu a cikin awa biyun.

Kuma tsayuwar kantin nan ba don Allah ake yinta ba. In ka ga tikitin tafiya ya yi araha har kana mamaki, to a wani wuri za a fanshe, kanti na ba da kamasho a kan kowane kai da aka sauke masa da kuma abun da aka saya. Ɗan jagoran da ke riƙe da lasifika a gaban bas sau da yawa ladan da kamfani ke ba shi bai taka kara ya karya ba, da kamashon nan da ɗan ihsanin da baƙi ke miƙa masa yake riƙe gida. Kaga dole ya fi ƙwazo wajen yabon sarƙar azurfa da baƙin dutsen nan mai ƙyalli fiye da bayanin yadda aka gina birni. Ni bana ganin laifinsa, wanda ya tsara abun haka nake ganin laifi.

Yanzu me ake nuna maka a awa biyun? Za a tsayar da ku gaban babbar dalar nan ta Kukulkan, wani abun bautarsu, mai tsayin wajen mita 30 in an haɗa da ɗakin da ke samanta. Za a ce kowane ɓangare daga cikin huɗun matakala 91 ne, in ka tara 364, ka ƙara dandamalin sama ya zama 365, kwanakin shekara kenan. Za a ce a watan Maris da Satumba, ranar da dare da rana suke daidaita, inuwa na saukowa ta gefen matakalar kamar maciji na gangarowa. Sannan a ce ku tafa. Wallahi wannan tafin ni kaina ya girgiza ni, ka tsaya daidai gaban matakala ka buga hannu sau ɗaya, sai sauti ya dawo maka siriri kamar kukan tsuntsu, ba kamar tafin da ka yi ba sam, wai irin kukan tsuntsun da suke girmamawa mai dogon bindi kore. Amma ka duba dama da hagu, rukuni goma ne ke tafi a lokaci guda, kowane da ɗan jagoransa ɗauke da lema yana ɗaga murya ya fi na kusa da shi. Daga nan sai filin ƙwallo, wanda tsawonsa ya haura mita 160, a nuna muku zoben dutse can sama a bango, a nuna zanen da aka sare kan ɗan wasa jini na tsartuwa, sai katangar da aka sassaƙa ƙoƙunan kai jere, sai rijiyar da ake jefa hadaya. Jini, jini, jini. Shikenan a ce kuna da minti arba'in ku yi hotuna mu haɗu a get.

Ba ƙarya aka yi ba, sun yi hadaya da mutane, ƙasusuwan da aka tsamo daga rijiyar shaida ne, kuma ba abun yabo bane. Amma don Allah mutanen da suka iya rubutu cikakke da ake rubuta duk abun da baki ya furta, suka san sifili a lissafi tun Turai bata san shi ba, suke ƙirga da ashirin-ashirin, suke tafiyar da kalanda biyu a tare, ɗaya mai kwana 260 ɗaya mai 365, suka bi tauraruwar Zahra har suka gane zagayenta kwana 584 ne suka rubuta a littafi, a ce abun da baƙo zai koma gida da shi kawai shi ne suna yanka mutane? Ginin nan mai zagaye da ake kira Karakol, wanda tagoginsa ke fuskantar inda Zahra ke faɗuwa, yana can ɓangaren kudu, da yawa daga 'yan bas basa ma isa wurin don lokaci ya ƙure. Ba a gaya musu cewa a cikin dalar da suke hoto a gabanta akwai wata tsohuwar dala, da kujerar damisa ja da aka yi wa ado da koren dutse mai daraja. Ba a tsaya an yi musu bayanin abun da ya fi komai ban mamaki a wurina ba, yadda aka riƙe birni mai dubban mutane a ƙasar da babu kogi ko ɗaya a samanta, arewacin Yukatan, yankin da birnin yake, dutsen farar ƙasa ne, ruwan sama na faɗowa yake tsiyayewa ƙasa, rayuwa gaba ɗaya a kan rijiyoyin nan take. Rijiyar da ake kai ka ka yi wanka da rigar iyo a matsayin nishaɗi, irinta ce ta shayar da birnin.

Amma duk wannan mai sauƙi ne. Abun da ya fi ci min rai kalma ɗaya ce da ake ta maimaitawa a tallace-tallace da bakin wasu masu bayani, wai mutanen Maya sun ɓace, wai al'umma ce da ta shuɗe ba a san inda ta shiga ba. Har wasu su ƙara da tatsuniyar wai halittu ne daga wata duniya suka sauko suka yi ginin, don dai kar a yarda cewa kakannin gajeren mutumin nan mai sayar da hula a bakin get ne suka yi. Haba jama'a. Ina suka ɓace? A ƙidayar Meksiko ta 2020 masu jin yaren Maya na Yukatan kaɗai sun haura 770,000. In ka haɗa yarukan dangin Maya wajen 30 da ake yi a Meksiko da Gwatamala da Beliz da Honduras, miliyoyin mutane ne. Direban bas ɗin da ya kawo ka, matar da ta gyara maka gado a otal, mai gasa maka waina ta masara a wurin cin abinci, da yawansu su ne.

Akwai wata dattijuwa da na gani zaune a gindin bishiya a hanyar da ke zuwa rijiyar hadaya, sanye da farar rigarsu mai surfanin furanni a wuya da gindi, ta shimfiɗa ƙananan hankici masu surfani a kan leda tana ɗaga ɗaya tana cewa dalar Amurka ɗaya da Turancin da bai wuce wannan ba. Da jikarta ta zo sai suka juya yarensu, mai ɗan tsattsayawa a maƙogwaro, suna magana suna dariya. Taku kaɗan daga inda take wani rukuni na tsaye ana yi musu bayanin yadda Maya suka ƙare. Babu wanda ya juyo ya kalle ta, in ma an kalla to hannu ake ɗaga mata alamar a'a.

Gaskiyar tarihin ita ce birane ne suka mutu, mutane basu mutu ba. Manyan biranen kudu irin su Tikal da Palenke sun durƙushe tsakanin shekara ta 800 zuwa 900, fari da yaƙe-yaƙe da gajiyar ƙasa suka haɗu musu, jama'a suka watse suka koma wasu wurare, a daidai lokacin ne ma Cicen Itza ke tashe a arewa. Tulum da ke bakin teku da mutanenta a ciki lokacin da jiragen Sifaniyawa suka hango ta a 1518. Abun da ya biyo baya shi ne ba a son faɗa a yawon buɗe ido don yana ɓata wa mai hutu rai. A 1562 a garin Mani wani limamin coci Basifaniye mai suna Diego de Landa ya tara littattafansu ya cinna musu wuta yana cewa aikin shaiɗan ne, yau littattafai huɗu kacal suka rage a duniya, uku daga ciki ma suna Turai, ɗaya a Dresden ta Jamus, ɗaya a Madrid, ɗaya a Paris. Rubutun ya ɓace wa masu shi har sai a 1952 wani masani ɗan Rasha, Yuri Knorozov, ya buɗe hanyar karanta shi. Masarautarsu ta ƙarshe mai cin gashin kanta, a tsibirin da yau ake kira Flores a Gwatamala, inda ake tashi zuwa Tikal, bata faɗi ba sai 1697. A 1847 suka yi bore a Yukatan, yaƙin da bai lafa ba sai 1901, kuma garin Valladolid da ake tsayar da ku ku sha askirim yana cikin wuraren da aka fi gwabzawa. A Gwatamala yaƙin basasar 1960 zuwa 1996 ya ci rayuka wajen 200,000, mafi yawansu 'yan ƙabilun Maya. Rigoberta Menchu da ta karɓi kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1992 'yarsu ce. Duk wanda ya ba ka labarin Maya ya tsaya a shekara ta 1000 to rabin labari ya ba ka, kuma rabin da ya bari shi ne wanda ke da masu haƙƙi a raye.

Sai maganar kuɗi da ƙasa. Mutane da yawa basu san cewa filin da Cicen Itza ke kai ya daɗe a hannun ɗaiɗaikun mutane ba. A 1894 wani jami'in jakadancin Amurka, Edward Thompson, ya sayi gonar gaba ɗaya har da kangayen, daga 1904 ya shiga yasar rijiyar hadaya yana kwaso zinariya da duwatsu masu daraja da ƙasusuwa yana aikawa gidan tarihin jami'ar Harvard. Bayansa filin ya koma hannun iyalan Barbachano, manyan masu harkar otal da yawon buɗe ido, sai a 2010 gwamnatin jihar Yukatan ta sayi hekta 83 a kan peso miliyan 220, kuɗin Meksiko. A duk cinikin nan babu inda aka tambayi mutanen Piste, garin da ke manne da wurin. UNESCO ta sa Cicen Itza a jerin kayan tarihin duniya a 1988, a 2007 aka zaɓe shi cikin sabbin abubuwan al'ajabi bakwai, tun daga nan mutane suka ɓalle, yanzu sama da miliyan 2 ke shiga a shekara. Baƙo daga waje na biyan sama da peso 600 a get, kaso mafi tsoka na gwamnatin jiha, saura na hukumar tarihi ta tarayya INAH. Kai lissafa da kanka. Sannan ka shiga ƙauyukan da ke zagaye ka ga gidajensu. Kuɗin bas ya tsaya a Kankun, kuɗin ɗaki ya tsaya a Kankun, kuɗin get ya tafi Merida, babban birnin jihar Yukatan, da birnin Meksiko, abun da ya rage wa ɗan gari shi ne ya bi ka da usur ɗin katako mai kukan damisa yana roƙon ka saya.

Shi yasa ban yi mamaki ba da a Janairun 2023 'yan tireda da masu sassaƙa da 'yan jagora da manoman ƙauyukan suka datse hanyar shiga na kwanaki, suna kukan yadda masu kula da wurin ke mu'amala da su. Na san ƙorafin da baƙi ke yi, wai masu talla sun cika wurin, babu inda za ka tsaya ka yi tunani sai an busa maka usur a kunne, kuma wasu kayan ma ba aikin hannu bane na masana'anta ne. Gaskiya ne akwai takura, ni ma na so a ce akwai shiru. Amma in za a fitar da su to a fara ba su abun da ya fi tebur, a ba su kaso a kuɗin get da za su gani a asibiti da makaranta da ruwan sha, a ba su kasuwa a inda baƙo zai bi dole ba can bayan fakin ba, a daina sauke fasinja a kantin kan hanya su zo aljihu a bushe. Ka kori mutum daga ƙofar kakansa don baƙo ya samu hoto mai kyau, wannan ni ban yarda da shi ba.

Wani zai ce to malam ba kowa ke da sati guda ba, wani kwana huɗu gare shi da iyali da yara, in ba bas ɗin nan ba ba zai taɓa gani ba, kuma dubban mutane ke ci a harkar. Na yarda, kuma shi yasa ban ce a soke ba. Gani na awa biyu ya fi rashin gani. Amma ko a yini ɗayan ana iya gyara, a cire kantin a mayar da lokacinsa cikin birnin, a tashi da wuri a iso ƙarfe 8 lokacin buɗe get kafin rana ta yi zafi, a rage yawan mutane a rukuni yadda na baya zai ji me ake cewa har ya yi tambaya. Hukuma kuma ta sa iyaka a kan adadin masu shiga a kowace awa, tunda an iya hana hawa dalar kuma duniya bata tashi ba. Ina goyon bayan hanin nan ɗari bisa ɗari, matakalar na cinyewa kuma an taɓa rasa rai a kanta, kun dai ga bidiyon matar da ta haye a 2022 yadda jama'a suka yi mata ihu suna watsa mata ruwa da ta sauko. In an iya kare dutse to ana iya kare mutane.

Ɗan jagora kuwa, in ka dace da na kirki, shi ne tafiyar gaba ɗaya. In babu shi tarin duwatsu kawai kake kallo. A bakin get akwai masu katin shaidar gwamnati rataye a wuya, da yawansu 'yan garuruwan nan ne da suka tashi da yaren a baki, sun iya Sifaniyanci da Turanci wasu har Faransanci da Jamusanci, ka ɗauke shi kai tsaye kuɗin ya shiga aljihunsa ba tare da ya bi ta hannun kowa ba. Ka tambaye shi yadda babansa ke noman masara da wake da kabewa a gona ɗaya, ka tambaye shi ko har yanzu ana roƙon ruwa irin na gargajiya a ƙauyensu in damina ta yi jinkiri, ka tambaye shi ko 'ya'yansa na jin yaren, za ka ga fuskarsa ta canza don ba kullum ake tambayarsa kansa ba. Mu da aka umarce mu da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda ƙarshen na gabanmu ya kasance, ai duban nan nutsuwa yake so da tambaya, ba gudu ba.

Wanda kuma yake da halin ƙara ko dare ɗaya ne, don Allah ya kwana a Valladolid, kilomita 40 da 'yan kai ne kawai, ko a Piste ɗin kanta, ya ci abinci a kasuwarsu ya biya ɗaki a hannun ɗan gari. Daga nan Ek Balam, wani kufan na Maya, ma kusa take, ba cunkoso, da sassaƙen farar ƙasa a bakin kabarin sarki da ya tsira kusan yadda aka yi shi. Uxmal na kudu da Merida wajen kilomita 80, a ganina gininta ya fi na ko'ina kyau, kuma za ka iya zama ka ji kukan tsuntsaye.

Abun da nake tsoro yanzu shi ne jirgin ƙasan nan da aka sa wa sunan Maya, wanda aka fara buɗewa a Disamban 2023 zamanin shugaba Lopez Obrador, layin dogo sama da kilomita 1,500 da ya ratsa jihohi biyar, sojoji ke tafiyar da shi, kuma yana da tasha a Cicen Itza. An ce zai kai arziki ƙauyuka, ina fata haka ɗin, amma an sare daji mai yawa saboda shi, an kafa ginshiƙai cikin kogunan ruwan ƙarƙashin ƙasa tsakanin Kankun da Tulum, ruwan da mutane ke sha. Jirgin zai iya sa baƙo ya sauka a ƙaramin gari ya kwana ya kashe kuɗinsa a can, zai kuma iya zama wata babbar bas ɗin da ta fi sauri, ta kawo ninkin mutane ta mayar da su otal kafin magariba. Wanne zai zama ya danganta da wa aka ba rumfa a tasha, wa aka ba lasisin jagora, kuma ko za a zauna da mutanen Piste da maƙwabtansu kafin a yanke hukunci a kan ƙasarsu ko sai sun sake datse hanya.